Waiwaye: Rancen Mata da Akwatin Maraɗi

Muhawarar da ake yi kan ko ƙananan rance suna ɗaga darajar mata ko kuwa suna jefa su cikin ƙangin bashi ba yau ta fara ba. A 1976 masanin tattalin arziki Muhammad Yunus ya ranta wa mutum 42 jimillar dalar Amurka 27 a ƙauyen Jobra na Bangladesh, bankinsa na ranta wa talakawa, Grameen, ya kafu a 1983, Najeriya kuma ta fitar da manufarta ta bankunan ƙananan rance a 2005. Amma tun a 1996 wani bincike a Bangladesh ya nuna cewa kaso mai tsoka na rancen da ake karɓa da sunan mata, mazan gida ne ke juya shi, alhali nauyin biya yana wuyan matan.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne wanda ya faru a jihar Maraɗi ta Nijar a 1991, lokacin da ƙungiyar agaji ta CARE ta soma shirin Mata Masu Dubara. Ba a kawo wa matan jari daga waje ba. An ɗora tsarin ne kan adashen da suka gada. Duk mako sukan hallara, kowace ta yi zubi a akwati, a ƙirga kuɗin da babbar murya a gaban kowa, a ranta wa mai son faɗaɗa sana'ar ƙuli-ƙuli ko kiwon awaki, sannan a ƙarshen zagaye a fasa asusu a raba. Su ne suka zaɓi shugaba da ma'aji, su ne kuma suka tsayar da tarar makara. Matar da a da ba ta buɗe baki a taro, sai ga ta tana tambayar ma'aji inda dala biyar ta shiga, kuma a ganina wannan tambayar ta fi rancen kansa gina mata ƙarfin hali. Daga baya wasu cikinsu har takarar kansila suka tsaya.

Tsarin ya bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama, sai dai hankalin masu ba da tallafi ya fi karkata ga yawan rancen da aka raba. Da aka wallafa sakamakon gwaje-gwaje a ƙasashe shida a 2015, an ga rance yana ɗan taimaka wa sana'a, amma bai sauya matsayin mace a gidanta yadda aka yi zato ba.