Ba Henry Ford ne ya ƙirƙiro mota ba

Mutane da yawa sun ɗauka Henry Ford ne uban mota, alhali ko motarsa ta farko bai haɗa ba sai 1896, shekara goma bayan Karl Benz na Jamus ya yi rajistar tasa a 29 ga Janairu, 1886. Ta Benz ƙafa uku gare ta, injin mai silinda ɗaya, gudunta bai wuce kilomita 16 a awa ba.

Matar Benz, Bertha, ce ta nuna wa duniya amfaninta. A Agusta 1888 ta tuƙa sabon samfurin motar daga garin Mannheim zuwa Pforzheim, kilomita ɗari da 'yan kai, lokacin babu gidan mai ko ɗaya. A kantin magani ta sayi mai. Da bututun mai ya toshe, da tsinken hularta ta buɗe shi. Da katakon birki ya cinye, baduku ya liƙa masa fata. Wannan mata ta cancanci yabo fiye da yadda ake yi mata.

Gudummawar Ford daban ce: a 1913 ya sa motar da ake haɗawa ta riƙa tafiya a kan layi, kowane ma'aikaci na tsaye wuri ɗaya. Aikin sama da awa 12 ya koma kusan awa ɗaya da rabi, farashin motarsa mai suna Model T ya sauko.