Masu zuwa aikin sa-kai ƙauyuka, don Allah ku daina kwaso ragowar magani

Ku da kuke haɗa tawaga ku tafi wata ƙasa aikin jinƙai na sati ɗaya ko biyu, Allah ya saka da alheri, na san ko kuɗin jirgi ma daga aljihunku yake fita. Amma akwai abin da ya ishe ni wallahi, duk tawagar da ta zo ta tafi sai mun gan shi, wato a bi gida-gida da asibitoci a tattaro ragowar magani a cika akwati a kawo wa talakawa.

Ku ba kwa ganin abin da ke biyo baya, mu ne muke gani. Kun tafi da kamar sati uku sai ga tsohuwa da ƙullin leda, ƙwayoyi farare da jajaye a cakuɗe, ba suna ba kwali, tana tambaya wanne ne na safe. Ni da aikina ke nan ban gane su ba, ina ga ita? Wani kwalin yana nan amma rubutun da yaren da babu mai karanta shi a duk yankin, wani kuma saura wata biyu ya lalace. Haba jama'a. Maganin da ba za ka ba mahaifiyarka ba me ya sa za ka ba mahaifiyar wani?

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na hawan jini da ciwon suga. A ba dattijo na kwana 14, irin wanda ba a ma samunsa a ƙasar, ya shanye ya ɗauka ya warke tunda likitan ƙasar waje ne ya duba shi, ba wanda ya rubuta masa komai ba wanda ya haɗa shi da asibitin kusa, sai dai a kawo shi daga baya a sheme. Waɗannan cututtuka ba na sati biyu ba ne, kun fi ni sani.

Kuma ba yau aka fara ba. Bayan girgizar ƙasar Armeniya a 1988 an jibge musu magani da kayan asibiti tan 5,000, mutum 50 suka shafe wata 6 suna tantancewa. A Bosniya, lokacin yaƙi da bayansa, daga 1992 zuwa 1996 kusan tan 17,000 ne ya zama shara, sai da aka nemi kuɗin ƙone shi. Irin wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin kyautar magani a 1996, amma har yanzu ana cika akwati.

Ba cewa nake kar ku zo ba, ku zo, ana buƙatarku sosai. Sai dai:

- ku tambayi ma'aikatan lafiyar wurin abin da suke so tun kafin ku taso
- maganin ya zama saura aƙalla shekara 1 kafin ya lalace ranar da ya iso
- ban da wanda majiyyaci ya mayar, ban da samfurin da kamfani ke ba likitoci kyauta
- rubutun kwali da yaren da ma'aikatan wurin ke karantawa
- duk mai hawan jini ko suga ku rubuta masa kati ku miƙa shi hannun asibitin kusa

In ma da hali ku taho da kuɗin kawai a sayi maganin a can, irin wanda in ya ƙare za su iya sake samu.