Waiwaye: Lu'ulu'u a Littattafan Addini

Zariya ba ta kusa da teku, saboda haka kalmar lu'ulu'u ta riga lu'ulu'un kansa isowa garin, kuma ta hannun malamai ta shigo, daga Larabci. Wannan ne ya sa har yau mutane da dama suke kiran daiman da wannan suna, alhali daiman haƙo shi ake yi daga ƙasa, shi kuwa lu'ulu'u a cikin wata halittar ruwa mai ɓawo biyu yake samuwa.

Sau 6 Alƙur'ani ya ambace shi, kuma biyar daga ciki siffanta Aljanna suke yi. Misali, a Suratul Hajji da Suratu Faɗir an ce za a ƙawata 'yan Aljanna da mundaye na zinariya da lu'ulu'u, a Waƙi'a aka kwatanta matan Aljanna da lu'ulu'u ɓoyayye, a Insan kuma aka kwatanta yaran da ke hidima da lu'ulu'un da aka watsa. Suratur Rahman ce kaɗai ta ambaci na duniya, inda ta haɗa shi da murjani, wanda shi dai iyayenmu mata sun daɗe da saninsa a wuya. Hadisin Abu Musal Ash'ari ya ƙara da bayanin hema a Aljanna ta lu'ulu'u guda mai rami, wadda tsawonta mil 60 ne. Ba mamaki da Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi ya tara hadisan da Buhari da Muslim suka haɗu a kansu, ya raɗa wa littafin suna Al-Lu'ulu'u wal Marjan.

Kiristocin Wusasa da ke kusa da Zariya su ma sun san shi ta Littafi Mai Tsarki, wanda fassararsa ta Hausa ta fito a 1932. A Matiyu 13 an ba da misalin attajirin da ya sayar da dukan mallakarsa don ya sayi lu'ulu'u ɗaya, Wahayin Yahaya 21 kuma ya ce ƙofofin sabuwar Urushalima 12 kowacce lu'ulu'u guda ce. Mabiya Hindu a Indiya suna lissafa shi cikin duwatsu tara masu tsarki, suna danganta shi da watan da ke sama.

A ganina, wahalar samunsa ce ta ba waɗannan misalai ƙarfi, domin masu nutso a Bahrain da ransu suke nemansa. A 1893 Kokichi Mikimoto na Japan ya fara samar da shi ta hanyar kiwon halittar ruwan da ke yin sa, kuma zuwa shekarun 1930 sana'ar nutson ta durƙushe.