Agajin gaggawa a filin wasanni

Agajin gaggawa a filin wasanni shi ne taimakon da ake bai wa ɗan wasa a daidai wurin da ya ji rauni ko ya yanke jiki ya faɗi, kafin a kai shi asibiti. Waɗanda ake horarwa domin wannan aiki sun haɗa da masu horar da 'yan wasa, masu duba lafiyarsu, alƙalan wasa da 'yan agaji irin na Red Cross, domin su ne ke bakin fili a mintunan farko, waɗanda a cikinsu ake ceto rai ko a rasa shi.

Babban abin da horon ya fi mayar da hankali a kai shi ne tsayawar zuciya. Ƙa'idar ita ce, duk ɗan wasan da ya faɗi ba tare da kowa ya taɓa shi ba, kuma bai amsa kira ba, a ɗauka zuciyarsa ce ta tsaya, ko da yana shure-shure ko yana jan numfashi sama-sama. Mai agaji zai ɗora hannuwansa biyu a tsakiyar ƙirji, ya riƙa dannawa zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, yana hura masa iska sau biyu bayan kowane dannawa 30, har a kawo na'urar AED mai daidaita bugun zuciya da lantarki. Abin da 'yan kallo suka saba yi, wato sheƙa masa ruwa, yi masa fifita, ko cusa yatsa a baki wai don kada ya haɗiye harshe, ɓata lokaci ne kawai. Da danna ƙirji da na'urar AED aka ceto ɗan ƙwallon ƙafa Christian Eriksen na Denmark a 2021, alhali Samuel Okwaraji ya rasu bayan ya faɗi a filin wasa na Legas a 1989. Magoya bayan Katsina United ma ba su manta da watan Maris na 2020 ba, lokacin da Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a garin Lafiya ana tsaka da wasa da ƙungiyarsu, bai kuma tashi ba.

A Katsina da Daura akwai haɗarin zafi, musamman a watannin Afrilu da Mayu da ma'auni kan haura digiri 40. Idan jikin ɗan wasa ya yi zafi rau, ya fara sambatu ko tangaɗi, ana koya wa mai agaji ya fara sanyaya shi nan take da ruwan sanyi da ƙanƙara, sannan a yi maganar ɗaukarsa zuwa asibiti.

Raunin kai da na wuya ya fi yawa a dambe, kokawa, sukuwa da wasan folo, wanda Katsina ta yi fice a kansa tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo. Wanda ya faɗo daga kan doki ba a cicciɓarsa, domin motsa karyayyen ƙashin wuya na iya taɓa laka ya jawo shanyewar jiki. Mutum ɗaya zai riƙe kansa cik, sauran su mirgina shi gaba ɗaya zuwa kan katakon ɗaukar majinyaci. Wanda ya bugu a ka har ya ga jiri ko ya rikice ba ya komawa wasa a ranar, ko ya rantse ya warke. Targaɗe da karaya kuwa, a ɗaure gaɓar yadda take, a sa ƙanƙara, kada a ja ta kafin a ɗauki hoton ƙashin a asibiti.

Horon yakan ƙare da gwaji a cikin filin kansa, kamar na Muhammadu Dikko da ke Katsina, inda ake tantance wanda zai kira mota, wanda zai ɗauko na'ura, ƙofar da motar asibiti za ta shigo, da wanda ke riƙe da makullinta. Ana maimaita gwajin lokaci zuwa lokaci, saboda ƙwarewar danna ƙirji kan ragu cikin 'yan watanni idan ba a jarraba ta.