Waiwaye: yadda gyaran harabar Jussieu ya ci shekara 20

A gefen kogin Seine da ke birnin Paris, a filin da a da ake kasuwar giya, aka gina harabar jami'a ta kimiyya ta Jussieu daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970. Ƙashin ginin ƙarfe ne, shi kuwa ƙarfe in gobara ta kama shi laushi yake yi ya lanƙwashe. Dabarar magina a wancan zamani ita ce su fesa masa asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ba ya kama wuta. Mu nan mun san asbestos a silin da rufin tsofaffin gidajen gwamnati, gauraye da siminti. Na Jussieu feshi ne mai marmashewa, ƙurarsa na zubowa kan teburan gwaji.

Tun tsakiyar shekarun 1970 masu bincike a harabar, cikinsu har da Henri Pézerat, suka fara kuka kan haɗarin ƙurar ga lafiya. Sai dai sankarar da ƙurar ke jawowa a huhu takan yi shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana, don haka hukuma ta sami damar yin kunnen uwar shegu. Sai da ma'aikata suka fara kwanciya sannan maganar ta sake tashi a 1994.

Ranar 14 ga Yulin 1996 Shugaban Faransa Jacques Chirac ya ce kafin ƙarshen shekara ba za a bar ɗalibi ko ɗaya a Jussieu ba. Faɗa da baki ke nan. Faransa dai ta haramta asbestos daga 1 ga Janairun 1997, amma ina za a kai dubban ɗalibai da ɗakunan gwaji masu manyan na'urori?

Aka zaɓi gyara maimakon rushewa. Sashe-sashe aka bi: a kwashe mutane zuwa gidajen haya a cikin gari, a toshe wurin ruf, ma'aikata su shiga da rigunan kariya su kankare. Da an kankare kuma ƙarfen ya koma tsirara, dole a yi masa sabuwar kariya daga gobara, a sake wayoyin lantarki da hanyoyin iska. Kuɗin haya na tafiya, aiki na jan ƙafa.

A 2011 kotun binciken kuɗin gwamnati ta ce aikin da aka ƙiyasta a kan Yuro miliyan 183 ya doshi biliyan 1.85. Jami'ar Paris 7, ɗaya daga jami'o'in da ke harabar, ta riga ta tattara ta koma sabon mazauni, ba a kuma kammala gyaran ba sai 2016.