Mene Ne Salon Shugabanci?

A tarukan horar da ma'aikata, da ganawar da ake yi da masu neman kujerar manaja, da darussan gudanarwa a jami'o'i, akwai wata magana da ke yawan fitowa: salon shugabanci. Za ka ji an tambayi mai neman aiki, "Wane irin salon shugabanci gare ka?" Mutane da yawa sukan amsa da bayyana halinsu. Wani ya ce shi mai haƙuri ne, wani ya ce ba ya ɗaukar raini, wani ya ce yana da son jama'a. Duk gaskiya suka faɗa, amma ba abin da aka tambaya ke nan ba.

Salon shugabanci shi ne hanyar da mai riƙe da ragamar mutane yake bi don aiki ya gudana ta hannunsu. Wa ke yanke shawara, shi kaɗai ko tare da su? Idan ya ba da aiki, abin da yake so kawai yake faɗa, ko har da yadda za a yi shi daki-daki? Yana tsayawa a kan mutum ne har ya gama, ko yana sakar masa mara? Idan aka yi kuskure, me ke fara fita daga bakinsa, "wa ya yi?" ko "me ya jawo?" Amsoshin waɗannan tambayoyi su ne salon mutum. Hali kuwa daban ne. Hausawa sun ce hali zanen dutse, ba ya kankaruwa. Salo ana koyonsa, ana gyara shi, kuma mutum ɗaya yana iya riƙe fiye da guda ɗaya. Wanda bai gane wannan bambanci ba zai ƙare aikinsa yana cewa "haka Allah ya yi ni", alhali abin da ke cutar da ma'aikatansa abu ne da zai iya sauyawa a mako guda.

Binciken da ya fara tabbatar da haka an yi shi ne a jami'ar Iowa ta Amurka, aka wallafa sakamakonsa a 1939. Jagoran binciken shi ne Kurt Lewin, masanin halayyar ɗan Adam, Bayahuden Jamus da ya baro ƙasarsa a 1933 bayan Hitler ya hau mulki. Ba abin mamaki ba ne mutumin da ya ga haka da idonsa ya damu da sanin abin da mulkin danniya ke yi wa jama'a. Shi da abokan aikinsa, Ronald Lippitt da Ralph White, sun tara yara maza 'yan kimanin shekara 10, suka raba su ƙananan ƙungiyoyi masu haɗuwa bayan an tashi daga makaranta suna ƙere-ƙeren hannu. Kowace ƙungiya aka ba ta babban mutum ya jagorance ta da ɗaya daga salo uku. Na farko kama-karya: shugaba ne ke faɗin abin da za a yi, da wanda zai yi, da wanda zai yi tare da wa, kuma ba ya gaya wa yaran mataki na gaba sai an zo kansa. Na biyu shawara: ana tattauna aikin tare, shugaba ya bayyana inda aka dosa, ya kawo zaɓi, yaran su zaɓa. Na uku sakin linzami: ga kayan aiki nan, kowa ya yi abin da ya ga dama, shugaba ba ya magana sai an tambaye shi.

A ƙarƙashin mai kama-karya aiki ya yi yawa, wannan ba a musa ba. Sai dai da zarar ya fita daga ɗakin, sai aikin ya ragu ƙwarai. Wasu ƙungiyoyin sun zama masu faɗa da juna, su taru a kan yaro ɗaya su huce haushinsu a kansa. Wasu kuma suka yi lakwas, ba sa motsi sai an ce su motsa. A ƙarƙashin mai shawara aikin bai kai na farko yawa ba, amma ya ci gaba ko shugaba yana nan ko ba ya nan, kuma yaran sun fi fito da dabarun kansu. Kusan dukkansu sun ce wannan shugaban suka fi so. Sakin linzami shi ya zo na ƙarshe: aiki kaɗan, marar kyau, ga wasa da rashin sanin inda aka nufa.

Akwai abu ɗaya a binciken nan da masu kawo labarinsa sukan tsallake, kuma a ganina shi ne ƙashin bayansa. Manyan da suka jagoranci yaran horar da su aka yi su taka salo daban-daban, aka riƙa sauya su tsakanin ƙungiyoyi. Mutumin da ya yi kama-karya a nan, shi ne zai je can ya yi shawara. Yaran da suka yi tsit a hannun wani salo, su ne suka farfaɗo da aka canza musu shi. Ke nan ba halin shugaban ba ne ya haifar da bambancin, ba kuma halin yaran ba. Hanyar da aka bi da su ce.

Ba za a ɗauki abin da ya faru da yaran Amurka shekaru sama da 80 da suka wuce a ɗora wa kowace ma'aikata ba. Asibiti ba ajin yara ba ne, banki ma haka. Shi ya sa masanan da suka biyo baya suka daina tambayar wane salo ya fi kyau, suka koma tambayar wane salo ya dace da wane mutum, a kan wane aiki. A 1969 Paul Hersey da Ken Blanchard suka fito da tsarin da daga baya ya yi suna da shugabanci gwargwadon yanayi. Suka ce a duba abu biyu a jikin ma'aikaci: iyawarsa a kan aikin da aka ba shi, da kuma himmarsa da amincewarsa da kansa. Sabon shiga da bai san komai ba, umarni yake buƙata fili ƙarara. Wanda ya fara iyawa amma yana tuntuɓe, a ci gaba da nuna masa, a kuma bayyana masa dalili. Wanda ya iya amma yana ɗari-ɗari, a ja shi cikin shawara, a ƙarfafa masa gwiwa. Wanda ya ƙware kuma yana da himma, a danƙa masa aikin a matsa gefe.

Duk wanda ya san kasuwar Kantin Kwari a Kano ya ga wannan tsari yana aiki ba tare da an ba shi suna ba. Yaron da aka kawo wa maigida yau, sharar shago da ɗauko atamfa daga sito ne aikinsa, kuma komai sai an faɗa masa. Bayan wani lokaci a bar shi ya yi ciniki, maigida na gefe yana saurare, in ya ga yaron zai karya farashi fiye da kima ya sa baki. Gaba kaɗan a bar masa shagon yini guda, da yamma a yi lissafi. Ranar da aka ba shi kuɗi masu nauyi aka ce ya tafi Legas ya saro kaya shi kaɗai, ya kai mataki na ƙarshe, saura sallama da jari. Maigidan bai canza hali ba a duk shekarun nan. Abin da ya riƙa canzawa shi ne tsawon igiyar da ya sakar wa yaron. Da ya ba shi kuɗin sari a watan farko, da ya jefa shi cikin halaka. Da ya ci gaba da ƙirga masa kowane yadi bayan shekara bakwai, da yaron ya gudu ko zuciyarsa ta mutu.

Kuskure na biyun nan shi ya fi yawa a ofisoshi. Sau da yawa wanda ake ɗagawa zuwa manaja shi ne wanda ya fi kowa iya aikin da hannunsa, akanta mafi ƙwarewa ko injiniya mafi basira. Da ya hau kujerar sai ya kasa sakin aikin. Kowace wasiƙa sai ya sake rubuta ta, kowane fayil sai ya kwana a teburinsa. Daniel Goleman, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, a wani rubutu da ya yi a 2000 bisa binciken da aka gudanar a kan manyan jami'an kamfanoni 3,871, ya lissafa salo shida, ya kuma nuna cewa biyu daga ciki suna ɓata yanayin wurin aiki idan aka yawaita su. Ɗaya shi ne tilasci, wato "yi abin da na ce". Ɗayan kuwa shi ne na gwanin da ke gudu a gaba yana son kowa ya yi sauri da kyau kamarsa, in ka gaza ya karɓe aikin ya yi da kansa. Wannan na biyun ya fi wuyar ganewa, domin mai yin sa mutum ne mai ƙwazo, kuma yana ganin taimako yake yi. Goleman bai ce a jefar da su ba. Ranar gobara ko ranar da kamfani ke dab da durƙushewa, umarni kai tsaye ake buƙata. Abin da ya gano shi ne shugabannin da suka iya salo huɗu ko fiye, suna sauyawa gwargwadon buƙata, su ne wuraren aikinsu suka fi lafiya.

To ta yaya manaja zai san salon da yake kai? Ba daga bakinsa za a ji ba, domin kusan kowa yana ɗaukar kansa mai sauraron jama'a. Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne mugun labari. Yana isa wurinka? Da wuri, ko sai abu ya lalace? Mu da muka taso cikin tarbiyyar girmama na gaba, wannan ya fi shafar mu. Ƙaramin ma'aikaci zai shiga ofis ya rusuna, a tambaye shi yaya aiki, ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe," alhali ya san janareta ya kwana biyu yana ɗigar da mai, ko ɗan kwangila bai kawo kaya ba. Ladabin abu ne mai kyau, ban ga dalilin zubar da shi ba. Amma nauyi yana kan shugaba ya buɗe ƙofar da gaskiya za ta shigo ba tare da mai kawo ta ya ji ya yi rashin kunya ba, ko ya ji tsoron takardar gargaɗi.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A 2006 kamfanin motoci na Ford ya ɗauko Alan Mulally daga kamfanin jiragen sama na Boeing ya ba shi shugabanci. A shekarar kamfanin ya yi asarar sama da dala biliyan 12. Mulally ya kafa taro duk ranar Alhamis da safe, inda kowane babban jami'i zai kawo rahoton sashensa da launi: kore in komai na tafiya daidai, rawaya in akwai damuwa, ja in an sami matsala babba. Makonnin farko duk rahotannin kore ne. A al'adar kamfanin ta lokacin, wanda ya nuna rauni a gaban takwarorinsa ya ba su wuƙar yanka shi. Mulally ya tsayar da taron ya tambaye su yadda za a yi kamfanin da ke asarar biliyoyi ya zamana ba abin da ke tafiya ba daidai ba a cikinsa.

Mark Fields, mai kula da harkokin kamfanin a nahiyar Amurka, shi ya fara karya wannan shiru. Sabuwar motarsu ƙirar Edge, wadda ake haɗawa a Kanada, ta sami matsala a ƙofar baya, ya dakatar da fitar da ita kasuwa. Ranar Alhamis ya sa ja a rahotonsa. Ɗakin ya yi tsit, mutane suna jiran su ga yadda za a yi da shi. Sai Mulally ya fara tafi, ya yaba masa, sannan ya juya ga sauran ya tambayi wanda zai iya taimakawa. Nan take wasu suka ce za su tura injiniyoyinsu. Da aka ga mako ya zagayo Fields yana nan a kujerarsa, sai rahotannin sauran suka fara cika da rawaya da ja. Daga lokacin ne shugaban ya fara ganin ainihin kamfanin da aka ba shi. A 2009, lokacin da takwarorinsa, kamfanonin motoci na General Motors da Chrysler, suka shiga kotun fatarar kuɗi gwamnati ta ceto su, Ford bai shiga ba. Dalilan suna da yawa, ciki har da bashin sama da dala biliyan 23 da kamfanin ya ciyo tun 2006 kafin kasuwar bashi ta rufe, don haka ba za a ce tafi ɗaya ne ya ceci kamfani ba. Amma ba a gyara abin da aka ɓoye.

Kada a ɗauka Mulally mai sakin linzami ne. A kan dokokin taron nan ba ya sassauci ko kaɗan. Halarta dole ce ga kowane babban jami'i. Ba a duba waya, ba a hirar gefe, ba a yi wa wani ba'a don ya kawo matsala. Wanda ya ga ba zai iya bin wannan tsari ba, an nuna masa cewa yana iya neman wani wurin. A ɗaki ɗaya, a sa'a ɗaya, mutumin yana umarni a kan yadda za a zauna, yana shawara a kan yadda za a warware matsala, yana kuma barin kowane jami'i da alhakin sashensa. Ma'aikatansa ba su rikice ba, domin sun san abin da ke canzawa da abin da ba ya canzawa. Da ya ajiye aiki a 2014, Mark Fields ne ya gaje shi.