Ma'anar Kalmar "Fichin" a Gasar Neman Tallafin Ayyukan Al'umma

Kalmar "fichin" ta shigo bakin matasa masu ƙirƙire-ƙirƙire da ma'aikatan ƙungiyoyin taimakon al'umma ne daga kalmar Turanci "pitch", wadda ɗaya daga cikin ma'anoninta shi ne jefa wa wani ƙwallo. A fagen neman kuɗi kuwa, tana nufin gajeren jawabin da mai wani shiri ke yi a gaban alƙalan gasa ko masu zuba jari, domin ya gamsar da su cewa shirin nasa ya cancanci a sa masa kuɗi. Galibi 'yan mintuna ake bayarwa, sannan tambayoyin alƙalai su biyo baya. Guy Kawasaki, wani sanannen mai zuba jari a Amurka, ya yi suna da shawararsa cewa kada shafukan da za a haska a allo su wuce 10, kada jawabin ya wuce mintuna 20, kuma kada girman rubutun ya gaza lamba 30 a ma'aunin girman haruffa na kwamfuta, domin rubutu ƙanana alama ce ta mai son cusa komai a shafi ɗaya.

Idan shirin na kasuwanci ne zalla, abin da alƙalai ke son ji shi ne riba. Idan kuwa na amfanin al'umma ne, nauyin biyu ne: sai mai jawabi ya nuna irin sauyin da aikin zai kawo a rayuwar mutane, sannan ya nuna yadda zai ci gaba da tsayuwa da ƙafafunsa bayan kuɗin tallafin ya ƙare. Gasar Hult Prize, wadda ake yi wa ɗaliban jami'o'in duniya, tana bai wa ƙungiyar da ta yi nasara dala miliyan 1, kuma tana ɗora ayyukan a kan muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a shekarar 2015.

Inda na ga ya kamata mai shirin fichin ya fi tsayawa shi ne bambancin da ke tsakanin abin da aka yi da abin da ya canza, domin a nan ne masu kyakkyawar niyya da yawa suke tuntuɓe. Raba littattafai ga 'yan makaranta aiki ne da aka yi, amma iya karatun yaran shi ne abin da ake fatan ya canza, kuma ba kullum na farko ke haifar da na biyu ba. Michael Kremer, wanda ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019 tare da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, ya yi bincike da abokan aikinsa a makarantun karkara na Kenya, inda suka gano cewa ƙarin littattafan karatu bai ɗaga sakamakon yawancin ɗalibai ba, sai na waɗanda dama su ne kan gaba a aji. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne an rubuta littattafan da Turanci, harshen da yawancin yaran ba su ƙware a kansa ba.

A ce wata matashiya ce tsaye a gaban alƙalai, agogon da ke gefen allo yana ƙirga mata sakan-sakan, tafin hannunta ya jiƙe da gumi. Ta kwashe rabin lokacinta tana bayyana wahalar yaran da ke karatu a cikin duhu, sannan ta haska hoton fitilu masu amfani da hasken rana da ƙungiyarta ta raba. Wani alƙali ya ɗago kai daga takardarsa ya ce: "Bayan wata shida, fitilu nawa ne suke aiki, kuma wa yake gyara waɗanda suka lalace?" Idan ta koma gidajen ta ƙirga da idonta, amsar tana bakinta, ko da adadin bai kai yadda take so ba, kuma alƙalin da ya san aikinsa ya fi natsuwa da ƙaramin adadi na gaskiya a kan babban alkawari.

Daga nan sauran tambayoyin sanannu ne: su wa ke cikin tawagar da abin da kowannensu ya iya, nawa ake nema, me za a yi da shi dalla-dalla, da kuma inda kuɗin shekara ta biyu zai fito.